Wata goma sha ɗaya ina ƙera jirgin da za a nutsar

Kilo uku da rabi. Iyakar nauyin da ɗan jirgin ruwana na wasan yaƙi zai iya kaiwa ke nan, kuma a cikin wannan nauyin ne zan cusa injina biyu, da batir, da famfo, da kwalbar iska, da rediyo, da igwa masu juyawa har da harsasansu. Ranar da dattijon da ya koya mini aikin ya rubuta adadin a bayan wani tsohon rasit ya miƙo mini, dariya na yi, don a ganina kilo uku da rabi ai kaya ne. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce in je in sayi sikeli tun kafin in sayi katako. Ban saya ba, na kicin na ɗauka, kuma har yau uwargida ba ta sake ganin sa a mazauninsa ba.

Sana'ata gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, a yankin Dallas ta jihar Texas. Aiki ne ya kai ni gidan dattijon. Na shiga garejinsa zan duba wani bututu, sai ga jiragen ruwa jere a kan kanta, wasu sun kai tsawon yaro ɗan firamare, jikinsu duk faci kamar tsohon tif ɗin keke. Na tambaye shi ko ɓeraye ne suka yi musu wannan aika-aika. Ya ce a'a, abokansa ne.

Ashe wasa ne mai zaman kansa, kuma a Texas ɗin nan aka fara shi, wajen ƙarshen shekarun 1970. Mutum zai ɗauki wani jirgin yaƙi na gaskiya daga cikin waɗanda aka ƙera tun farkon ƙarni na 20 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya rage girmansa sau 144, ya sa masa inji da rimot, ya sa masa bindigogi masu harba 'ya'yan boris da ƙarfin iskar CO2, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Sai a haɗu a bakin tafki a ja daga, ɓangaren Ingila da Amurka da ƙawayensu a nan, na Jamus da Italiya da Japan a can, a yi ta harbin juna har wani ya nutse. Nutsewa ta gaske, har ƙasan ruwa. Salon wasan iri biyu ne. A ɗaya bindigogin yawanci a kafe suke, ana harbi da sauri, jirgin ne gaba ɗaya ake juyawa don a saita. A ɗayan kuma, wanda su dattijon ke yi, ɗakin igwar yana juyawa kamar na ainihi, harsashin kuma yana bin girman igwar jirgin gaskiya: ƙanana su harba mai kaurin milimita 4.5, manyan dodanni su harba mai milimita 6.35. Juyawar nan ce ta kama ni. Ya taɓa wani maɓalli a rimot, bututai uku suka waiwayo a hankali suka tsaya daidai cibiyata, na ji tsigar jikina ta tashi, alhali na san ba komai a ciki.

Da na ce ina so in gwada, sai ya ba ni shawarar in fara da jirgin dakon kaya marar bindiga, in koyi tuƙi da faci tukuna. Shawara ce mai kyau, kuma ita zan ba duk wanda ya tambaye ni yau. Ni dai ban bi ta ba, saboda a daren nan ina duba jerin jiragen Ingila na ci karo da suna: HMS Nigeria.

Matsakaicin jirgin yaƙi ne, irin wanda ake kira kuruza. A Newcastle aka ƙera shi, aka tura shi ruwa a watan Yulin 1939, ya fara aiki a 1940. Su goma sha ɗaya ne 'yan gida ɗaya, an raɗa musu sunayen ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a lokacin, irin su Kenya da Gambiya da Uganda da Fiji da Jamaika. Jirgin Ingila ne, sunan kawai aka ara, ba tare da an tambayi masu shi ba, kuma na daɗe ina juya wannan a raina kafin in yanke shawara. Amma labarinsa ya ja ni. A watan Agustan 1942 yana cikin rakiyar ayarin jiragen da suka nufi tsibirin Malta da abinci da mai, jiragen kaya 14 suka tashi, 5 kaɗai suka isa. Ranar 12 ga watan wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Axum ya ɗirka masa tofido, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa, mutum fiye da hamsin suka mutu, amma bai nutse ba. Ya ja jiki ya koma Jibiralta, daga baya aka kai shi Charleston a nan Amurka aka gyara. Ƙarshenta Indiya ta saye shi, ya zama INS Mysore a 1957, bai yi ritaya ba sai 1985.

Lissafin ba shi da wuya. Tsawon jirgin mita 169 da ɗoriya, in ka raba da 144 ka sami santimita 118 ba kaɗan. Faɗinsa kusan mita 19, ya koma santimita 13, wato tafin hannu da 'yan yatsu. Nauyi ne ke da mugunta, domin shi ba sau 144 yake raguwa ba, sai ka ninka 144 sau uku a kan kansa, abin ya tasar wa miliyan 3. Tan dubu goma da wani abu ya dawo kilo uku da rabi. In ka wuce haka jirgin zai zauna cikin ruwa fiye da layinsa, rami biyu ko uku sun ishe shi tafiya.

Na sami zanen jirgin mai nuna yankan jikinsa gaɓa-gaɓa, na buga a takarda daidai girman da nake so, na manna a kan filawud mai kaurin milimita 6, na bi layi da zarto. Haƙarƙari ke nan. Na jera su a kan ƙashin baya, na ɗaure su ta sama da wani zagayayyen katako wanda rufin jirgi zai zauna a kai. Hanci da gindi da can ƙasan ciki na cike su da katako na shafe da faiba, suka yi tauri. Nan dokar wasan ta shigo: wuraren taurin nan an ƙayyade iyakarsu, sauran gefen jirgin, daga sama har zuwa inci ɗaya ƙasa da layin ruwa, dole a bar shi tagogi a buɗe tsakanin haƙarƙari. Alƙalin kulob da abin awo yake zuwa. In ka ƙara wa haƙarƙari kauri don wayo, gida za ka koma da abinka.

Tagogin nan da katakon balsa ake rufe su. Wanda bai taɓa riƙe balsa ba, ya tuna totuwar kara: haka yake ba nauyi, farce ma yana shiga. Yawancinsa daga Ekwado ake kawo shi, kuma bishiyar dangin rimi ce. Kaurin da aka yarda wa jirgi ya danganta da kaurin sulken na ainihi, nawa dai milimita ɗaya da rabi da 'yan kai. Ana shafa masa wani siririn ƙyallen takarda da ruwan fenti mai ƙarfin wari don kada ya tsage ya yi ta tafiya idan harsashi ya shiga, sai dai ya huje rami ɗaya tsaf. Na ɓata falle huɗu kafin in gane cewa sai an ɗan jiƙa shi sannan yake yarda ya bi lanƙwasar hanci. Sati uku na yi ina gugar jikin nan da samfefa har ya yi sumul kamar ƙwai, ina sane sarai cewa wasu ne za su zo su farfasa shi.

A tsakiyar wannan aikin ne yayana ya kira ni ta bidiyo daga Zariya, na juya masa waya ya ga garejin. Ya yi ta dariya har da tari. Ya ce, “Wato kai har Amurka ba ka daina motar kara ba?” Na ce, “Yaya, wannan tana harbi.” Ya ce ai ta langa-langar da na yi muna yara ma ta yanke masa ɗan yatsa, don haka ba yau na fara ƙera makami ba.

Injina da farfela ba su ba ni wahala ba. Jirgin ainihi farfela huɗu gare shi, ni biyu na sa wa inji, biyun ado ne. Sandar kowace farfela tana bi ta cikin bututun tagulla da aka cika da giris don kada ruwa ya biyo. Kayan lantarki kuwa tun farko aka gaya mini kada in yi wahalar hana ruwa isa gare su, domin zai isa. Abin yi shi ne a shafe kowane allo da kowane mahaɗin waya da gam mai tauri yadda ko sun kwana cikin ruwa za su tashi. Daga ciki kuma, bayan balsa, na rataya labulen roba mai kauri, harsashi ya huda fata ya shigo amma ya tsaya nan, kada ya sami batir ko tiyon iska.

Igwa ce ta cinye mini wata biyar.

Abin da ake gani a sama, ɗakin nan mai bututai uku, hula ce kawai. Aikin yana ƙasa, hawa uku. Hawan ƙasa tukunyar tara iska ce, ba ta fi gwangwanin tumatir ba. A bakinta akwai ƙwallon roba zaune a kan rami, iskar da ke cikin tukunyar ita ke danne ta ta toshe hanya. Hawa na biyu ma'ajiyar harsashi ce, zagayayya, daɓenta a ɗan karkace yadda 'ya'yan boris za su riƙa gangarawa da kansu zuwa bakin ramuka uku. Hawa na uku bututan ne, na ƙarfen da ba ya tsatsa, sun taso tsaye daga ma'ajiyar sannan suka lanƙwasa suka miƙe gaba. Idan na danna maɓalli a rimot, wani ɗan injin juyi da ake kira sarbo zai danna ƙaramin bawul, bawul ɗin ya tura iska ga wani fistin, fistin ya ture ƙwallon roban daga bakin rami. Iskar tukunya ta yi sama gaba ɗaya, ta tarar da harsashi ɗaya a gindin kowane bututu, ta yi waje da su. Da na saki maɓalli ƙwallo ta koma ta zauna, tukunya ta sake cika, wasu harsasan uku su gangaro. Ba wuta, ba albarushi.

A baki ke nan. A hannu kuwa, gurbin da harsashi ke faɗawa a gindin bututu shi ne masifar. In ya yi faɗi da kaurin gashi biyu, harsashi biyu ne za su shiga, su fito a sanyaye su faɗi gabanka. In ya matse, iska kaɗai za ka ji, fus. Dattijon ne ya yanka mini sassan a injinsa daga wata farar roba mai tauri, amma daidaita gurbin ya ce nawa ne. Dare nawa na yi da ɗan siririn magagari, in goga sau biyu, in haɗa, in harba cikin kwali cike da tsummoki, in ƙirga, in kwance, in sake. Bututai biyu suka daidaita cikin sati ɗaya. Na tsakiya ya yi mini taurin kai har sati uku, ashe wani ɗan tsinin gam ne ya bushe a hanyar gangarowa, sai da na haska tocila ta ƙasa na gan shi.

Sai juyawa. Hawa biyun sama suna zaune a kan boris, tukunya kuma a kafe take, don haka a mahaɗarsu akwai zoben roba da zai bar sama ta juya ba tare da iska ta tsere ba. In ka ɗaure da ƙarfi, sarbo ya yi ta kuka ya kasa juya ta. In ka sassauta, ka ji tsss. Nan sana'ata ta yi mini rana, domin neman inda gas ke yoyo shi ne abincina. Ruwan sabulu na kaɗa kamar mai faci, na shafa a kowane mahaɗi ina jiran kumfa. Daga sarbo zuwa gindin ma'ajiya na ɗaura ɗan bel mai haƙora, ta yadda igwa za ta share daga wannan gefe zuwa wancan. Wani ƙaramin sarbon kuma yana dunƙufar da bututan ƙasa, don a sami layin ruwan abokin gaba idan ya matso kusa. Sama kuwa an hana sam: bakin bututu ba ya wuce miƙe, saboda akwai mutane tsaye a bakin tafki.

Iskar kanta sai da hattara. A cikin kwalba, a ɗaki mai matsakaicin sanyi, ƙarfinta yana kai wa kimanin 850 a ma'aunin matsin iska da ake kira psi. Regileta ce ke sauko da shi zuwa 140, iyakar da dokar ta yarda, wanda shi ma ya ninka na tayar mota wajen sau huɗu. A cikin kwalbar rabin abin ruwa-ruwa ne, kuma a jirgi kwalbar a kwance take, don haka in ba ka karkata bakinta sama ba ruwan zai shiga regileta ya daskarar da ita, ka ga farin ƙanƙara ya fito mata. Zafin Agustan Texas kuma yana ƙara wa kwalba ƙarfi sosai, ba a barin ta a rana ko cikin mota. Tukwanen tara iska da ruwa muka gwada su, muka matsa fiye da abin da za su ɗauka a wajen aiki, domin ruwa ba ya matsuwa, in tukunya ta gaza tsagewa kawai za ta yi, ba za ta tarwatse a fuskar mutum ba.

Duk da wannan taka-tsantsan ɗin sai da na yi abin kunya. Wata Asabar na juye ma'ajiya na zubar da harsasai, na ce bari in harba iska zalla in ji ƙarar. Ashe ɗaya ya maƙale a gindin bututu. Ya daki bangon siminti, ya dawo ta gefen kunnena, ya sami danjar motar uwargida. Ta leƙo daga ƙofar kicin, ta dubi jan gilashin da ya zube, ta dube ni. Ta ce, “Maigida, wai da motata aka fara yaƙin?” Tun daga ranar ba na haɗa kwalba sai da tabaran kariya a idona, kuma kowane bututu da ƙusar tsaro a soke a bakinsa har sai jirgi ya hau ruwa.

Jirgin ainihi ɗakunan igwa huɗu gare shi, biyu gaba biyu baya, kowanne da igwa uku masu bakin inci 6. Raina ya so huɗun duka su yi harbi. Dattijon ya ce biyu. Ɗakin farko dai hancin jirgi ya yi siriri a wurin, tukunya ba za ta shiga ba, wannan ban yi gardama ba. Amma na nace sai uku, na kuwa ƙera ukun. Na ɗora komai a sikeli, allura ta wuce da giram ɗari huɗu. Na ce ai ba komai, zan rage a wani wurin.

Bahon wanka ne ya raba gardama. Jirgin ya shiga daidai, da ɗan sarari gaba da baya. Na sake shi, ya zauna, layin ruwan da ɗiyata ta shafa da baƙin fenti ya ɓace ƙarƙashin ruwa. Na juya igwa ukun zuwa dama. Ya karkata. Ya tsaya kamar mai tunani, sannan a hankali ya kwanta a gefensa kamar jakin da ya gaji da kaya, ruwa ya bi ta rufi ya shige. Ɗiyata tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, “Abba, haka ake so ya yi?”

Abin da ya ba ni haushi, kuma ya ba ni dariya daga baya, shi ne waɗanda suka zana jirgin gaskiya su ma wannan ciwon ne ya dame su. Yarjejeniyar Landan ta 1936 ta ƙayyade wa irin waɗannan jirage tan 8,000, su kuma suna son igwa goma sha biyu, sai suka cusa su a jiki ɗan ƙarami. Da yaƙi ya yi zafi aka buƙaci ƙarin bindigogin kakkaɓo jiragen sama da na'urorin hango abokan gaba, nauyi ya taru a sama, sai aka riƙa cire wa wasu 'yan gidan ɗakin igwa ɗaya na baya. Uku na ƙarshe ma da ɗaki uku aka ƙera su tun asali. Ni da na karanta duk wannan tun kafin in yanka katako, sai da baho ya maimaita mini.

Na cire igwa ɗaya, aikin sati shida ya koma cikin kwali. Saura biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, sauran ɗakunan biyu fanko ne na ado. Ginin saman jirgi, da bututan hayaƙi biyu da dogayen sanduna, na rushe wanda na yi da katako na sake shi da soso mai tauri da siririyar roba, ya faɗo daga giram ɗari uku zuwa ɗari da ashirin. Batir na kwantar da shi a can ƙasan ciki. Kowace ƙusa sai ta hau sikeli kafin ta shiga jirgi. Da na koma baho, layin ruwa ya fito daidai, na juya igwa ya ɗan sunkuya ya tsaya, na tura shi da yatsa ya dawo.

Famfon kwashe ruwa shi na bari ƙarshe, kuma a gurguje na yi shi. Ɗan inji ne da farfela a cikin gida, yana zaune a wuri mafi zurfi, yana tsotso ruwa ya watsa ta wani ɗan bututu a rufi. Dattijon ya ce in kewaye bakinsa da raga, ninki biyu, mai faɗi. Na dubi wurin, ya matse, na dubi sikeli, na yanko 'yar ragar sauro kamar kan kwalba na manna, na ce ta isa.

Ranar fita ta faɗo a Oktoba, da sanyin safiya. Tafkin na wata gona ne, zurfinsa a inda ake wasa bai wuce ƙirji ba. Kowa da tabaran kariya, har masu kallo da yara. Aka auna saurin jirgina tsakanin turaku biyu, aka ce ya yi gudu da yawa, na rage. Aka sa na harbi wani soso mai kaurin inci biyu, harsashi bai fita ta baya ba, aka ce igwa ta ci jarrabawa. Aka ba ni aikin rakiyar jirgin kaya, ya zagaya wata tuta ya dawo tasha. Na ce a raina, aikin Malta ke nan.

Saiti daga bakin ruwa wani abu ne daban. Kana tsaye a nan, jirginka yana can taku ashirin yana tafiya, na abokin gaba ma yana tafiya, kai kuma kana ƙoƙarin gane inda bututai masu tsawon ɗan yatsa suke kallo. Harbina shida na farko ruwa na kashe. Duk harbi kuma sai jirgin ya ɗan girgiza ya karkata, sai na jira ya daidaita, ga kuma 'yan daƙiƙun da doka ta ce a bari tsakanin harbi da harbi. A na bakwai wani jirgin Jamus ya gifta kusa, na dunƙufar da igwar baya na danna. Na ji ƙwas, na ga ɓarɓashin balsa ya tashi. Na yi kabbara da ƙarfi har wani Bature da ke gefena ya waiwayo.

Murnar ce ta sa ban lura da abin da ke tahowa ta hagu ba. Roma ce, babban jirgin Italiya, tsawonta a tafkin ya haura mita ɗaya da rabi, igwa tara masu harba manyan harsasai. Mai ita wata mata ce mai furfura, tana zaune a kujerar zane, ko tashi ba ta yi ba. Ta jera da ni, na ga ɗakunan igwarta uku sun waiwayo tare. Ƙarar ba irin tawa ba ce. Sau biyu ta yi, ta wuce abinta.

Famfo ya kama, ruwa ya yi tsiri sama kamar na alwala daga buta, na juya akala zuwa tasha. Saura kamar taku goma sai tsirin ya fara raguwa, ya koma ɗigo, ya tsaya, alhali ina jin injin famfon yana kuka. Gindi ya fara zama. Dattijon yana bayana bai ce uffan ba. Hanci ya ɗaga sama, jan fentin ƙasa ya bayyana, ya yi kamar daƙiƙa uku a haka, sannan ya shige. 'Yar kumfa ta taso, sai ga ɗan tulun alama mai nuna inda jirgi ya nutse ya ɓullo da zarensa.

Aka busa usur aka tsayar da harbi, na shiga ruwa da wandona, laka tana kama ƙafa, na bi zare na lalubo shi na ɗago, ruwa yana zuba ta kowane rami. A kan tebur muka ƙirga: goma sha huɗu, biyar a ƙasan layin ruwa, manyan har ɗan ƙaramin yatsana yana leƙawa. Na buɗe rufi. 'Yar ragar sauron nan ta toshe ɗam da ɓarɓashin balsa da wani ganye guda ɗaya. Dattijon ya ciro ta da hantsaki, ya ɗaga ta sama ya juya ta, ya ajiye mini a tafin hannu. Matar mai Roma ta taso ta zo ta duba ramukan, ta yaba gugar jikin, ta ba ni ƙyallen faci daga akwatinta.

Faci ba wuya: ka yanko ƙyalle ya ɗan fi ramin, ka ɗora, ka shafa ruwan fenti, minti kaɗan ya bushe. Na zubar da ruwa, na juye harsasan na shanya su a kan tawul don kada su yi tsatsa su maƙale, na kunna rimot. Farfela ta juya. Igwar gaba ta waiwaya dama, ta waiwaya hagu. Bayan azahar jirgin ya koma ruwa, da ragar da dattijon ya yanko mini daga wata tsohuwar matatar shayi, ya kuma dawo tasha da ƙafarsa, da sababbin ramuka shida.

Da dare ina kwance kayan ciki don su sha iska, na tsinci manyan harsasan Roma guda huɗu a bayan labulen roba. Ɗiyata ta karɓe su ta zuba a kwalbar turare. Sabuwar ragar da na ƙera, ninki biyu mai faɗi, na ɗora ta a sikeli: giram 18. Na zauna da fensir ina duba jerin kayan jirgin, ina neman inda zan cire giram 18.